Jemar da Ta Gicciye Gonakin Wa da Ƙane

Akwai wani mutum mai gona a gangaren tudu. Da ya ga ya kusa komawa wurin Ubangiji, sai ya kira 'ya'yansa biyu, Irimiya da ƙanensa Habila, ya raba musu ita. Don kada wani ya ce an cuce shi, bai ba ɗaya sama ɗaya ƙasa ba. Ya tsaga gonar a tsaye, daga kan tudu har gindi, kowa ya sami tsakuwar sama, kowa ya sami danshin ƙasa. Ya dasa gamba a tsakani, gama a ƙasarsu inda mutum ya dasa ciyawa a jere, nan iyakar gonarsa take.

Rabo ya yi adalci, sai dai ba a gayyaci ruwan sama wurin rabon ba. Kowa ya ja kunyoyinsa sun bi tsawon gonarsa, ruwa kuwa ya sami titi. Yakan sheƙo a guje kamar ɗan aiken da aka yi wa alkawarin tukwici, ya kwashi taki, ya kwashi ƙasa. A gindin tudun ya haƙa kwazazzabo, kowace damina yana ƙara faɗi, har ya kusa bangon ɗakin tsohuwarsu.

Habila ya taɓa ganin wata gona a hanyar kasuwa, an dasa ciyawar jema layi-layi a gicciye, ƙasar wurin tana nan daram. Ya roƙo dami, ya dasa a tasa gonar, daga gefe zuwa gefe. Aka yi ruwa. Ruwan ya zo ya tarar da jema ta tare hanya, sai ya bi gefen layi ya tsallake gamba, ya juye kaf a gonar wansa.

Irimiya ya zo da laka har gwiwa. Ya ce, "Kai Habila, kai ka auro ruwan nan, ni za ka kawo wa riƙo?"

Habila ya ce, "Yaya, layin ne ya tsaya a rabi. Bari in ƙarasa shi cikin taka."

"Ka ƙarasa? Bana layi, baɗi ka kira dattawa ka ce ga iyakarka. Na riga ka shan nono, yaro."

Tsohuwa tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ta ce, "Ku yi ta yi. In ɗakin ya tafi, sai ku tsaga ni a tsaye kamar gonar, kowa ya ɗauki rabinsa."

Maganar ta soki Habila. Ya dubi bangon, ya dubi ramin, ya ga ɗakin ba zai kai wata damina ba. Washegari ya ɗauko damin jema ya dire a gaban wansa.

Ya ce, "Yaya, in dasa ciyawa ce mallaka, ga dami. Shiga tawa gonar ka dasa, har ka gaji."

Irimiya ya harare shi. "In na dasa na ce tawa ce fa?"

"Sai ka noma ta. Ni in riƙa zuwa cin tuwo, da ma bayana ciwo yake."

Irimiya ya so ya ɓata rai, dariya ta ƙwace masa. Ya shiga gonar ƙanensa ya dasa layi guda. Da ya kai bakin gamba ya tsaya, kunya ta kama shi. Ya ce, "To kai ma shiga tawa, kada a ce na fi ka haɗama."

Haka suka yi ta dasawa, wannan a ta wancan, wancan a ta wannan, har layukan suka ɗaure tudun kamar ɗamara. Suka juya kunyoyi a gicciye, suka jera duwatsu a bakin ramin. Jema ta kama. Ruwa ya koma tafiyar dattijo mai sanda, yana zuwa yana hutawa, yana nutsewa cikin ƙasa. Ramin ya cika da laka, tsohuwa ta shuka kabewa a ciki.

Mutanen ƙauyuka suka fara zuwa kallo. Irimiya ne mai yi musu bayani, hannu a ƙugu, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro jema. Habila yakan bar shi. Tsohuwa kuwa takan tare baƙi tun daga hanya ta ce, "Kun ga tudun can? Aikin 'ya'yana ne. Duka biyun ni na goya."

To, jama'ar Allah, ga ma'anar misalin nan. Tudun shi ne zamanmu tare, a gida da cikin ikkilisiya. Ruwan shi ne wahalar da take saukowa, ba ta kuwa tambayar iyakar kowa. Wanda ya gyara nasa gefen kaɗai, ɗan'uwansa ya tura wa ita, mai rauni da yake ƙasa shi zai sha. Kowa yana jira ɗan'uwansa ya fara buɗe gonarsa. Ubangijinmu bai jira ba, shi ya fara ba da nasa. Saboda haka, kai da kake gaba da wani a kan ɗan abin da ka riƙe, kada ka ce masa, "Bari in shiga taka." Ɗauki damin ka kai masa, ka ce, "Shiga tawa."