Tabon Sallar Kure

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai gyangyaɗi kuma a zungure shi.

An yi wani Kure, wato namijin kura, wanda yunwa ta sa a gaba. Duk garken da ya dosa, da sanda ake tarbarsa. A garin kuwa akwai wani tsohon Kunkuru da ya shekara arba'in yana salla, har goshinsa ya yi baƙin tabo. Duk mai tafiya kasuwa mai nisa, wajensa yake barin awakinsa, ya dawo ya same su lafiya lau.

Kure ya yi ta kallon awakin nan, miyau na zuba. Ya ce a ransa, "Ashe tabo ne kawai ya raba ni da nama!"

Ya je ya durƙusa gaban Kunkuru. "Allah gafarta Malam, a ina ake samun irin wannan tabo?"

Kunkuru ya ce, "Yau ka sa goshi a ƙasa, gobe ka sake."

"Jibi fa?"

"Jibi ma ka sake."

"Har yaushe?"

"Har ka manta da tabon."

Kure ya yi sallar yini guda, ya ruga tafki ya leƙa fuskarsa. Ba tabo. Ya ƙara yini, ya leƙa. Ba tabo. Rana ta uku ya yi tsaki, ya ce tsohon nan rowar asiri yake masa.

Sai ya samo gawayi ya goga a goshi, ya shimfiɗa buzu a bakin hanya, ya kama carbi. Da rana ta take, gumi ya kwaso baƙin ya sauko da shi har hanci. Kaji ma sai da suka yi dariya.

Ya koma wajen Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Yau ka sa goshi a ƙasa, gobe ka sake."

Kure ya ce ya ji, ya zarce marina. Ya sunkuya zai ɗan dangwala goshi a ruwan baba, santsi ya kwashe shi, kai ya nutse har kunne. Sati guda yana yawo da shuɗiyar fuska.

Ya koma wajen Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Yau ka sa goshi..."

"Na haddace, Malam, na haddace!"

Wannan karon dutsen niƙa ya samu. Ya yi ta gurza goshi, yana gurzawa yana hawaye, har fata ta saɓule. Ni dai na tausaya masa, amma kaɗan. Da ciwon ya yi ɓawo, sai ga tabo baƙi ƙirin, ya ninka na Kunkuru. Ya koma kan buzu ya lumshe ido.

Can sai ga wata tsohuwa, Lanti, ta koro awakinta masu ƙiba, za ta bar su wajen Kunkuru. Ta ga tabon Kure ta tsaya.

"Kai, Malam, wannan goshi ya sha ƙasa! Shekara nawa?"

Kure ya ce, "Tamanin, Inna. Bar awakin a nan, ki huta da tafiya."

Lanti ta dubi rana ta ce, "Zan bari. Amma ga azahar ta yi, kada in shiga tsakaninka da Ubangijinka. Yi sallarka, ina jira."

Kure ya miƙe, ido ɗaya a gabas, ɗaya kan awaki. Ya yi kabbara da ƙarfi don a ji. Ya sunkuya, ya kai goshi. Ɗanyen ciwon nan na taɓa ƙasa mai zafi, ɓawon ya fashe.

"Wayyo goshina! Wayyo Allah, goshina!"

Lanti ta gyara riƙon sandarta. "Shekara tamanin kana sujada, yau ka fara sanin ƙasa na da zafi?"

Ta sauke masa a gadon baya, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, ta kora awakinta sai gidan Kunkuru. Ta tarar yana salla, ta zauna ta jira shi.

Shi ya sa har yau in kun ga kure yana tafiya, kansa a sunkuye yake, baya a karye. So yake ya kai goshin ƙasa, tabon da ya yi wa kansa ya hana shi.

Ku kuma da kuka tashi asuba sau biyu kuke jira a fara ce muku malamai, kun dai ji. Abin kirki kullum ake yinsa, ba a tsayawa leƙen tafki.

Ƙurunƙus kan Kure, da tabonsa da shuɗin kunnensa.