Kurangar Inabin Waziri Sambo

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, sarki ya kafa doka: duk wanda ya sa wuƙa a kurangar inabin fada, za a yanke masa hannu. Fatake ne suka kawo kurangar daga arewa, babu irinta a duk ƙasar.

Waziri Sambo ne ya kawo shawarar dokar, kuma ba don kishin sarki ba. Shi ya fara satar reshe, ya dasa a bayan turakarsa. Da sarki ya ga wurin yankan ya fusata, sai Waziri ya ce aikin ɓarayi ne, a tsananta.

Shekaru suka shuɗe. Kurangar fada ta cukurkuɗe, ganye ya rufe rumfarta, 'ya'ya kuwa sai 'yan tsiraru masu tsami. Ta Waziri fa, duk sanda ɗari ya shigo ganye ya zube, yakan kulle ƙofa ya datse tsofaffin rassa yadda fataken suka nuna masa. Da ta yi toho sai nonnan inabi su yi ta reto. Ya ci ya ƙoshi, ya shanya saura ya ɓoye a tulu. Ko ya ji sarki na kukan rashin inabi, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kawo sauƙi.

Wata shekara Nomau, tsohon da ke kula da lambun fada, ya kasa jure ganin kurangar na lalacewa. Ya datse ta cikin sanyi, dogarai suka kama shi da wuƙa a hannu. A gaban sarki ya rantse gyara ya yi, ba ɓarna ba. Sarki ya tambayi fadawa ko akwai wanda ya taɓa ganin itacen da yanka ya gyara. Ba a samu mai shaida ba. Aka kira hauni mai yanke hannu.

Waziri ya dubi hannun Nomau, duk sanyi ya farfasa shi. Gumi ya keto masa ƙarƙashin rawani. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi sarki ya taka zuwa gidansa kafin a zartar da hukuncin.

A bayan turaka sarki ya tarar da kuranga a datse, daidai da yankan Nomau. Waziri ya ɗauko tulun busasshen inabi ya ajiye a gabansa, bai iya ɗaga ido ba.

Sarki ya ɗanɗana ɗaya, ya daɗe yana taunawa.

"Waziri, ina ka samo irin?"

"Allah ya ba ka nasara, a lambunka."

"Kana ci, kana jin kukana?"

Waziri ya kifa goshinsa a ƙasa.

Nan take sarki ya soke dokar, ya sa aka saki Nomau da kyautar riga. Game da Waziri kuwa ya ce ba zai yanke hannun da ya iya aiki ba. Duk lokacin ɗari zai tuɓe alkyabba da rawani, ya shiga lambun fada ya yi datsa a gaban jama'a, Nomau na nuna masa reshen da zai yanka.

Haka aka yi ta yi har tsufansa. Kurangar ta dawo da albarkarta, har talakawa suka samu iri suka dasa a gidajensu. Amma duk ranar da aka zagaya da faifan inabi a fada, in ya zo gaban Waziri, sai ya miƙa wa na kusa da shi.