Ƙahonin da Rana ta Zubar

Ga ta nan, ga ta nanku, mai suɗar kwano ya ajiye ya matso.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A wani gari da ake kira Tungar Marke an yi wani Sarkin Baka, wato shugaban maharba, sunansa Barmo. Tsoho ne mai zafin rai, haƙora huɗu suka rage masa, amma in ya daka tsawa har kare sai ya nemi ƙarƙashin rumbu. A dajin garin akwai garken barewa wanda tun kakan kakansa ake ci daga cikinsa, bai taɓa ƙarewa ba. Doka ɗaya ce ta tsare garken: barewar da ƙahonta bai wuce kunnenta ba, ba a taɓa ta, don ita ce uwar baɗi. Tsohon namijin da samari suka kora ake harbi, ko macen da ta daina haihuwa. Duk wanda ya yi sa'a, sai ya kawo kan gindin marke, Barmo ya duba ƙaho da kunne, a yanke masa cinya ɗaya, mai nama ya wuce gida.

Ana nan, da damina ta faɗi, sai ga Gizo mai tsamin baki da wata 'yar bakarsa kamar ta wasan yara.

"Yanka ya daɗe, na zo shiga sahun maharba."

Barmo ya dube shi sama da ƙasa. "Da wane hannun za ka ja baka?"

"Takwas ne, yanka ya daɗe, a zaɓa."

Maharba suka yi dariya, aka ce ya shiga.

To, Gizo ko kibiya ɗaya bai harba ba. Ya san halin barewa: in ta haihu, takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo, ɗan kuwa ya lafe, ko taka shi za ka yi ba zai motsa ba, haka uwar ta koya masa. La'anannen ya bi ciyawa ya tsinci guda kamar mai tsintar kanya. Ya yanka. Ya je jujin bayan gari ya samo tsofaffin ƙahoni, ya manna su a kan da kakin zuma. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ya kai gindin marke.

Barmo ya leƙa daga kan buzunsa. "Kan nan bai yi ƙanƙanta ba?"

"Wada ce, yanka ya daɗe. Danginsu duk haka suke."

Ƙaho dai ya wuce kunne. Aka yanki cinya. Da aka dafa, Barmo ya sa a baki, naman ya narke kamar man shanu. Shekara goma rabonsa da cin nama ba tare da an daka masa a turmi ba.

Bayan kwana uku Gizo ya sake kawo wani, da sassafe.

"Me ya sa ƙudan zuma ke bin kan nan?" in ji Barmo.

"Furanni take ci, yanka ya daɗe."

Aka yanki cinya.

A karo na uku Barmo bai tambayi komai ba. Ya kawar da kai yana kallon reshen marke, ya miƙa hannu ya karɓa. Ke Larai, rufe bakinki, ba abin dariya ba ne, nan ne aka yi ɓarnar. Tun daga ranar kuwa kawuna suka yi ta zuwa da sassafe, cinyoyi masu taushi suna ta shiga gidan Sarkin Baka.

Rannan da hantsi Barmo na zaune a ƙofar gida yana gyaran kwari, sai ga tsohuwar barewa, uwar garke, ta ratso tsakiyar gari. Karnuka suka yi tsit. Hantsarta ta kumbura, nono na ɗiga a ƙasa duk inda ta taka.

"Sarkin Baka, ina ɗana?"

"Uwar garke, wace irin tambaya ce wannan? Ba a taɓa 'ya'yanku a garina. Kowane kai ni nake dubawa da idona."

"Da idonka, ko da bakinka?"

Barmo ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni za ki zaga a ƙofar gidana?"

"Zauna, tsoho, kafin ka faɗi. Ubanka ya harbe ubana, ban zo ƙofar nan ba, don ya tsufa, samari sun kore shi, kura ce za ta ci shi. Kai ka harbe yayata da ta daina haihuwa, ban zo ba. Mun ba ku tsofaffinmu kun bar mana yaranmu, haka muka zauna. Bana mu ashirin muka haihu. Je ka daji ka nuna mini guda ɗaya mai bin uwarsa. Shekara nawa kana cin naman barewa? Ba ka san naman tsoho ba? Ba ka san na mai shan nono ba?"

Barmo ya koma ya zauna. Ya sani. Tun lomar farko ya sani.

Ta juya. "Gobe da azahar za mu haye gulbi."

Wuni guda Barmo yana huci, ya fasa tulu, ya shuri akuya, ba wanda ya kuskura ya yi masa sannu. Washegari da sassafe maharba suka taru da kawuna tara, har da na Gizo, har da na Tunau, ƙanen Barmo uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yau ba a inuwa za a duba ba," in ji Barmo. "Ku jera su kan falalen dutsen can."

Gizo ya soma sosa ƙeya. "Yanka ya daɗe, na bar tukunya a kan wuta."

"Ta ƙone."

"Surukata ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Zauna."

"Cikina, yanka ya daɗe..."

Barmo ya ɗana kibiya ya ɗora a cinyarsa. Gizo ya zauna.

Rana ta hau, dutse ya ɗauki zafi. Barmo ya kafa wa kan da Gizo ya kawo ido. Can sai kaki ya fara naso, ƙahon dama ya karkace, ya faɗi ƙwal a kan dutse, na hagu ya bi shi. Ga ɗan tsiron ƙaho nan a ƙarƙashinsu, bai kai kan ɗan yatsa ba. Barmo ya zabura zai shaƙe Gizo, sai ya ji wani ƙwal a bayansa. Ya waiga. Ƙwal. Ƙwal. Kafin rana ta kai tsaka, kawunan tara duka sun zubar da ƙahoninsu, kaki na malala kan dutse.

Ya tsaya kan na ƙarshe. "Tunau, har da kai?"

Tunau bai sunkuyar da kai ba. "Yaya, mun ga Gizo ya kawo, ka karɓa. Ya sake kawowa, ka karɓa. Mu kuma mu kwana uku a daji muna bin sawun tsohon namiji, shi ya tsinto nasa kafin a sha koko? Cinyar da na kawo maka shekaranjiya, ka ce Allah ya yi mini albarka."

Gizo, wanda ya riga ya haye ƙololuwar marke, ya leƙo. "Ni uku kacal na yi kafin su koya, yanka ya daɗe. Kuma ko sau ɗaya ban ci cinya ba."

Barmo ya harba masa kibiya, ta maƙale a reshe. Bai tsaya zare ta ba, ya kama hanyar gulbi da gudun tsufa, yana faɗuwa yana tashi. Ya tarar garken ya riga ya shiga ruwa. Ya dube su, duk manya, ba ƙarami ko ɗaya a tsakaninsu. Ya kama bakansa ya karya a gwiwa, ya jefa gaban tsohuwar barewar.

"Uwar garke, ku dawo. Shekara uku ba mai shiga dajin nan da kibiya. Wanda ya shiga, ni da shi."

Ta tsaya, ruwa iya ƙirjinta. "Bakan ka karya? Bakan nan bai taɓa yi mana laifi ba. 'Ya'yanmu da hannu aka tsince su, suna kwance yadda muka ce su kwanta."

"To me kike so in yi?"

"Ka koma gida. Akwai sauran cinya a tukunya."

Ta haye, garken ya bi ta. Barmo ya tsaya a bakin gulbi har bayan na ƙarshe ya ɓace cikin gamba. Daga ranar Tungar Marke ba ta ƙara ganin barewa ba. Maharban da ake yi wa kirari suka koma haƙar gafiya a gindin rumbu, suna faɗa kan wutsiya.

Ku ji da kyau, ban son gobe wani ya zo mini da ƙwan zabo a hula ya ce tsinta ya yi. Wanda ya ci ɗan da ke shan nono, ya cinye garken baɗi da na baɗin baɗaɗa. Kuma wanda aka ɗora a kan doka ya kawar da kai don an ba shi mai taushi, ya fi ɓarawon laifi, gama a bakinsa sauran suka koya.

Ƙungurus kan kusu, wanda bai ƙoshi ba ya haɗa da wutsiyar.