Gudaji a Cikin Bokiti

Akwai wani mutum mai injin narka roba, yana yin bokitai. A ƙasan kowane bokiti yakan buga sunansa, gama yana alfahari da aikin hannunsa.

Wata rana aka kawo masa wani irin garin yumɓu mai laushi ƙwarai, ƙwayarsa ɗaya ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Wanda ya kawo garin ya ce masa, "Ɗan kaɗan za ka zuba. Amma ka bar injin ya juya har garin ya ratsa ko'ina, sai robar ta yi ƙarfi, ta jure zafin rana."

Ya yi yadda aka ce. Bokitan suka yi ƙarko, har mata a kasuwa suka riƙa kife bokiti suna neman sunansa kafin su saya. Sai gogan naku ya ce a ransa, "In cokali ɗaya ya yi wannan aiki, ina ga kwano guda?" Ya antaya gari, ya kuma rage lokacin juyawa don sauri. Robar ta yi kauri, da ƙyar take fita daga injin, amma ko a jikinsa.

Kafin wata ya ƙare, bokitai suka fara tsagewa a kan mata a hanyar rijiya. Sunan da ake nema ya zama abin gudu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kawo fasasshen bokiti gida yana ta zagin garin yumɓu.

Matarsa ta ɗaga bokitin a hasken rana, ta ga ɗigo-ɗigon fari daidai inda tsagar ta fara. Ta yi dariya ta ce, "Baban Tabita, ai gudaji ne! Shekara ashirin kana ture tuwona in ya yi gudaji, yau ga shi kai ka tuƙa wa mutanen gari."

Kunya ta kama shi. Ya koma ga cokali ɗaya da haƙurin juyawa, a hankali kuwa mata suka dawo.

To, ga ma'anar wannan misali. Garin yumɓu Maganar Allah ce, robar kuwa rayuwarmu ce. Waɗansunmu mun tara ayoyi kwano-kwano, amma duk sun dunƙule a ranar Lahadi. Ba su ratsa kasuwa ba, ba su ratsa bakinmu ba in mun yi fushi a gida. Ina gaya muku, aya ɗaya da ta ratsa mako duka za ta riƙe mutum ranar da nauyi ya hau shi. Ku bar Ubangiji ya juya ku, ko da ya ɗauki lokaci. Gama in kun tsage a gaban maƙwabta, za su duba sunan da aka buga a kanku, sunan Almasihu ne kuwa.