Ranar da Garrett Ya Miƙa wa Jama'a Makirufo

Akwai wani mawaƙi a nan garinmu Toledo mai suna Garrett Dolan, shugaban Cinder Mule, wata ƙungiyar kiɗan metal, wato kiɗan nan mai ƙarar jita da ihu. A zamaninsa, idan ya kurma ihu a kan dandamali, sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Shekara goma sha huɗu ƙungiyar ta yi a watse, kuma kowa ya san bakin Garrett ne ya watsa ta.

Da suka sake haɗuwa don fitar da sabon kundin waƙoƙi, furfura ta riga ta cinye gemunsa, amma girman kan nan yana nan daram.

Ranar farko a situdiyo, ya ɗaga murya zai kai inda ya saba kaiwa, sai ta tsinke. Ya sake, ta sake tsinkewa.

Lonnie Pruitt, makaɗin jita, wanda suka taso unguwa ɗaya, ya ce a hankali, "Mutumina, bari mu sassauta tsirkiyoyin nan, mu sauke kiɗan ƙasa kaɗan. Duk tsofaffin ƙungiyoyi haka suke yi, ba abin kunya ba ne."

Garrett ya yi masa kallon banza. "Tsofaffi? Kai ne tsoho. Dubi yatsunka yadda suke rawa! Shekara goma sha huɗu kana gyaran firji, yau kai za ka koya mini waƙa?"

Marisol mai ganga ta ajiye sandunanta. "Garrett, wallahi kunnuwa muke da su. Muryar nan ba ta kaiwa."

"Ke kuma buga abinki ki rufe mana baki."

Haka aka yi wata uku ana shan zagi. Garrett ya koma shiga situdiyo shi kaɗai, yana rera layi ɗaya sau arba'in, ana tsinto mai kyau a liƙa da kwamfuta. Kundin ya fito tsaf. Da ya saurara, sai ya yarda da ƙaryar da ya haɗa da hannunsa.

Daga nan ya kafa doka. A babban bikin kiɗa na bazara, ranar da kundin zai fita kasuwa, sababbin waƙoƙi kawai za su yi, tun daga ta farko har ta ƙarshe.

Lonnie ya ce, "Mutanen nan tsofaffin waƙoƙi za su zo ji. Bar mu mu yi musu ko guda uku."

"Ni ba gidan tarihi ba ne. In ba za ka iya ba, ga ƙofa nan."

Garrett ba ya tsoro, domin yana da wata dabara da duk mawaƙin dandamali ya sani. Idan waƙa ta kai inda maƙogwaro ba zai iya ba, sai ka miƙa wa jama'a makirufo, su rera maka, kai kuma ka dafa ƙirji kamar daɗi ya kashe ka. Ya sha yin haka a da, ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ranar biki, da ƙarfe huɗu na yamma, filin ya cika maƙil. Ga masu teɓa cikin baƙaƙen riguna da suka koɗe, wasu sun yi tuƙin awa shida don su gan shi.

Waƙar farko ta tashi da ƙarfi. Aka zo wurin amshi, inda ihun yake. Garrett ya yi murmushi, ya miƙa makirufo ga jama'a.

Tsit.

Mutum dubu takwas suka zuba masa ido. Da safiyar ranar kundin ya fita. Babu wanda ya san ko kalma ɗaya.

Ya janyo makirufon ya kurma ihun da kansa, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Wani ƙato a sahun gaba ya yi ihu, "Kai baba, mu muka sayi tikiti, kuma mu za mu yi maka waƙar?"

Dariya ta ɓarke. Aka fara jifa da kofunan roba. Garrett ya dage da ƙarfin tsiya yana ta matse maƙogwaro, har a waƙa ta huɗu muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Rabin jama'a sun riga sun koma wani dandamalin, inda wasu mawaƙan ke wasa.

A bayan fage ya tarar da Lonnie yana saka jitarsa cikin akwati. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, iska kawai ta fito.

Lonnie ya dube shi ya ce, "Shekara talatin muna roƙonka ka yi shiru ka saurare mu. Yau ka yi shiru, mu kuma ba mu da sauran abin da za mu faɗa maka." Ya ɗauki akwatinsa, Marisol ta bi bayansa.

Darasi: Wanda ya faɗa maka rauninka a cikin ɗaki, rufa maka asiri yake yi. Idan ka zage shi, taron jama'a ne zai faɗa maka, kuma taro ba ya tausayi. Ku tura wa duk wanda shawara take yi wa ɗaci.