Hujin da Muntaka Ya Toshe

A wani ƙauye da ke gabas da Ɗambatta an yi wani magidanci mai suna Muntaka. Ba malalaci ba ne, ba kuma mugu ba. Cutarsa ɗaya ce: ba ya son a nuna masa abu. Ko hanyar rijiya ka nuna masa, sai ya ce ai ya san wadda ta fi kusa.

A shekarun nan da taki ya gagari talaka, 'yar gonar da ya gada ta daina ciyar da gida. Sai ya sayar da shanun huɗarsa ya shiga kiwon tarwaɗa a tsakar gida. Ya jera manyan tankunan roba huɗu a kan dakali, aka haƙa rami a ƙasansu aka shafe shi da siminti. Ruwan da ya tumbatsa a tankunan yakan gangaro cikin ramin ya tace a tsakuwa, sai inji ya sake tura shi sama ta wani bututu da ya nutse har gindin tankunan. Da yake gidan a matse yake, ramin ya faɗo a jikin bangon ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hure, Allah Ya jiƙanta. Ɗakin ginin ƙasa ne tun na kakansa, ita kuma shekara uku ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukar ta.

Wanda ya haɗa masa bututan wani dattijo ne mai gyaran famfo daga Bacirawa, Malam Sama'ilu. Da ya gama, sai ya gasa ƙusa ya huda bututun sama, dab da bakin ruwa. Sannan ya ja layi da jan fenti a tsakiyar ramin.

Muntaka ya ce, "Haba Baba, sabon bututu za ka ɓula mini?"

Malam Sama'ilu ya ce, "Ka taɓa zuƙo fetur daga babur da tiyo?"

"Wane ne bai taɓa ba?"

"To, in ya fara zuwa, me ke tsayar da shi?"

"Sai an ɗaga tiyon iska ta shiga."

"Madalla. Ran da injin nan ya tsaya, bututun nan tiyo zai zama, ya janyo ruwan tankunan nan baya. Wannan hujin shi ne mai shigar da iska. Jan layin nan kuwa, kada ruwan rami ya wuce shi, a bar wa wanda zai sauko wuri. Kira mini uwargida ita ma ta ji."

Muntaka ya yi dariya ya ce, "Furera da tukunyarta, ni da kifina. Na gane, Baba."

Wata biyu abu yana tafiya daidai. Kullum sai an ɗauke wuta, injin ya tsaya, ruwa kaɗan ya sauko, bututun ya yi wani gurnani ya yi shiru. Muntaka bai taɓa tambayar kansa me ke sa shi yin shirun ba. Abin da yake gani kawai shi ne hujin nan yana tsartuwa, yana fesa masa ruwa a riga duk lokacin da ya zo ba kifi abinci. Shi kuwa manomin rani ne. A wurinsa duk bututun da ke yoyo ciwo gare shi, maganinsa kuma robar tayar keke.

Wata Juma'a a tsakiyar damina, bayan an kwana uku ana ruwa, wani maƙwabcinsa ya shigo kallon kifi, ruwan ya fesa masa a ido. Ya ce, "Kai Muntaka, mai gyaran nan ya yi maka aikin gaggawa!"

Maganar ta soki Muntaka. Mutumin yana fita ya yanko roba ya naɗe hujin tam. Sannan ya dubi ramin da ke rabi, ga ruwan sama cike da duro-duro a banza, sai ya juye su ciki har jan layin ya ɓace.

Inna Hure ta jiyo shi ta taga. Ta ce, "Auta, bangon nan fa sanyi yake yi mini a baya."

Ya ce, "Damina ce, Inna. Da kaka zan sa a yaɓe miki shi."

Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tafi masallaci ya samu sahun gaba.

Liman yana tsakiyar huɗuba sai lasifika ta yanke. Fankokin sama suka rage gudu, suka tsaya. Muntaka ya ɗaga kai ya dube su. Bai san daga ina maganar ta zo ba, sai kawai ya ji muryar dattijon nan a kunnensa: me ke tsayar da shi? Ya waiwaya, sahu bayan sahu har bakin ƙofa. In ya tashi, gari zai ce me ya kori Muntaka daga huɗuba? Ya gyara zama ya ce a ransa, ai sau nawa ana ɗauke wutar. Wayarsa a kashe take a aljihu. Bai ji ko kalma ɗaya daga sauran huɗubar ba. Lissafin tankuna kawai yake yi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, da bangon da ke sanyi.

Ana sallamewa ya tashi ko takalmi bai tsaya nema ba. Tun daga bakin lungu ya tarar da ruwa yana fitowa ta zaurensa, jajawur da ƙasa, ga shi kuwa ko ɗigo ba a yi ba tun safe. Ya jiyo Furera tana kururuwa, "Jama'a ku taimaka! Maza na masallaci, ku taimaka!"

Tsakar gidan ta zama tafki. Tarwaɗa suna ta bugun gindin tankuna da suka kusa ƙafewa. Ramin yana ambaliya, ruwan yana cin gindin bangon, ga tsaga ta hau tun daga ƙasa har rufi. A ƙofar ɗaki Furera ce riƙe da hammatar Inna tana ja, tsohon ciki ya hana ta ɗaga ta.

Ta ce, "Malam, na kira ka har na gaji! Ban san abin da zan taɓa ba!"

Inna Hure ta ce, "Sake ni ki fita, 'yar nan. Ke ba ke kaɗai ba ce."

Muntaka ya yi tsalle ya fizgo Furera waje, ya juya zai sunkuci mahaifiyarsa. Taku biyu ya rage masa bangon ya zauna, azara ta biyo shi.

Mutane suka tono Inna Hure da hannu da fartanya. Tana numfashi har aka sa ta a mota, amma ba ta kai Ɗambatta ba.

Ran sadakar uku Malam Sama'ilu ya zo gaisuwa. Muntaka ne da kansa ya kama hannunsa ya kai shi gaban bututun, ya warware robar. Hujin yana nan yadda aka bar shi, bai kai ƙwayar dawa girma ba. Dattijon ya duƙar da kai ya ce, "Allah Ya gafarta mata." Tun daga ranar ba a sake jin dariyar Muntaka ba, kuma har yau ko fanka ce ta tsaya a kusa da shi sai ya miƙe zumbur.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ajali na Allah ne, amma sakaci na bawa ne. Idan mai sana'a ya bar wani abu a aikinsa, kada ka cire shi don ba ka ga amfaninsa ba. Tambaye shi, ka kuma bar iyalinka su ji. Mai tara ruwa a cikin gida ya kashe injinsa da hannunsa ya tsaya ya ga inda ruwan zai tafi, tun yana nan, ya bar wa rami wuri. Mu da muka binne Inna Hure mun ga abin da girman kai ya ci, kuma ba ma fatan wani gida ya gani.