Makiyayin da Yara Suka Zana da Bulala

Akwai wata malama mai koyar da yara a makarantar Lahadi ta wani ƙauye. Yaran nan akwai saurin karatu, amma da sun kai ƙarshen shafi sai su rufe littafi, su ce sun gama. In ta ce a sake, su ɓata fuska kamar an ba su maɗaci. Ran da dattawan ikkilisiya suka zo yi musu tambayoyi, sai zare ido kawai suke yi. Dattawa suka ce in ba a ga canji kafin girbi ba, za a karɓe ajin daga hannunta a ba wani. Hankalinta ya tashi ƙwarai, gama tana ƙaunar yaran.

Wata Lahadi ta fitar da su gindin tsamiya, ta raba su gida biyu. Aka karanta labarin makiyayi da tumakinsa. Ta ce gida ɗaya su zana labarin a ƙasa da tsinke, ɗaya gidan kuma su duba littafi, duk abin da bai yi daidai ba su share shi da ƙafa.

Masu zane suka jera tumaki, suka sa makiyayi a bayansu da ƙatuwar bulala, don haka suke kora awakin gidajensu. Masu dubawa kuwa, saboda ɗokin share aikin 'yan'uwansu, suka duƙufa kan littafi layi bayan layi. Can wata yarinya ta ɗaga kai ta ce, "Malama, ai a gaba yake. Kiransu yake yi, suna binsa."

Masu zane suka ce atafau ba haka ba ne. Suka fizge littafin, suka yi ta maimaita karatu suna neman bulalarsu. Ba su same ta ba.

Malama ta yi ajiyar zuciya, ta gode wa Allah. Da dattawa suka komo, yara har rige-rigen amsa suke yi, aka kuwa bar mata ajinta.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Yaran nan mu ne. Mukan karanta Maganar Allah sau ɗaya, sauran kuma mu cika da abin da muka saba gani a gida. Shi ya sa wani a cikinmu ya yi shekaru yana tafiya a tsorace, yana jiran duka daga baya. Koma ka sake karantawa a hankali. Makiyayinka yana gabanka, sunanka kuma yake kira.